Yaron da ke ɗaukar magana yadda ta fito

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro, darasinmu na yau a kan wasu yara ne da ake bugu ba da laifinsu ba.

Ga misali. Uba ya ce ma ɗansa: «Sa ido ga awakin nan.» Yaro ya zauna, ya zuba musu ido. Awaki suka faɗa gonar maƙwabci, suka cinye wake, shi yana nan yana kallo. Uba ya ɗauko tsumagiya. To, mi aka ce ma yaron? An ce ya sa ido, kuma ya sa.

Mu Hausawa ba mu cika faɗin abu kai tsaye ba. Mai shirin tafiya ya kan ce «ina zuwa». Uwa in ta fusata ta ce «ci gaba, ka ji!», nufinta a bari. Yawancin yara suna gane nufin daga murya da fuska. Wasu kuwa kalmar da suka ji ita suke bi.

Sau da yawa wannan alama ce ta wani hali da likitoci ke kira otisim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943, bayan ya duba yara 11. A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. Da shi ake haihuwar yaro. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi.

Akwai sauran alamomi. Ana kiran sunansa bai waiwaya. Hayaniyar kasuwa ko ta biki na damunsa ƙwarai. In an sake mishi wurin kwana sai kuka. Bai son haɗa ido, amma a wajenmu wannan ladabi ne, shi ya sa ba a lura.

Yaya za a yi mishi magana? A kira sunansa tukuna. A faɗi abu ɗaya, a fili: «In akuya ta nufi gona, kore ta.» A dakata kaɗan, kada a tsananta. In ya tambayi baƙo «yaushe za ka tafi?», ba rashin kunya ba ne, lokacin yake son sani.

In kun ga alamomin nan tare, ku kai yaron likita mafi kusa, ko babbar likitar Dakoro, a duba har da kunnensa.

Aikin aji: kowa ya rubuta magana 3 da muke faɗi alhali wani abu muke nufi.