Masu Duban Kuɗin Jama'a

Duk mutumin da ke aiki a Bompai, ko Sharaɗa, ko Calawa, ya san ranar biya, ko a gidan jima yake, ko wurin yin robobi, ko wurin yin alewa. Wanda albashinsa ya kai a ɗauki haraji a kansa, in ya dubi takardar biyansa zai ga an rage wani abu. Mai ma'aikata ne ke cirewa, ya kai wa Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano. Harajin ribar kamfani kuwa dabam yake, Gwamnatin Tarayya ke karɓarsa. To, kuɗin nan naka da na sauran jama'a, in sun taru, wa ke dubawa ko an kashe su inda aka ce za a kashe?

A zamanin da, abin da aka tara na gandu da jangali fada yake shiga, Sarki ya yi hidimar ƙasa da shi yadda ya ga ya dace. Sai a zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka kafa Baitulmali. Aka yanka wa Sarki da hakimai albashi, Ma'aji na riƙe da littattafai, Razdan na dubawa. Kada ka ɗauka duban nan wasa ne. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani Bature, Mista Mufet, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Bayan binciken nan ne Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, ya koma Azare.

Yanzu aikin nan yana hannun wani babban ma'aikaci da a ke kira Babban Odita na Jiha, watau mai binciken lissafi. Kada ka haɗa shi da Babban Akanta. Akanta shi ke riƙe kuɗi yana rubuta shiga da fita, Odita kuwa shi ke bin sawunsa yana cewa, ina shaidar wannan, ina rasit na wancan? In Akanta ya ba shi lissafin shekara, doka ta ba shi kwana 90 ya kai rahotonsa gaban Majalisar Dokoki.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya yi wa mutumin nan katanga, gama an san mai faɗin gaskiya a kan kuɗi ba ya rasa maƙiya. Gwamna ke naɗa shi, amma sai Hukumar Ma'aikata ta Jiha ta kawo sunansa, Majalisa kuma ta yarda. Tuɓe shi ya fi naɗa shi wuya. Gwamna ba shi da ikon korarsa sai kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisa sun roƙi a yi haka, don ya kasa aiki ko don ya yi rashin gaskiya. Ga lissafi ka gwada da kanka: 'yan Majalisar Kano su 40 ne, kashi biyu cikin uku nasu mutum 27 ke nan. An kuma rubuta cewa cikin aikinsa ba wanda zai ce masa yi kaza ko bar kaza.

Amma fa katangar tana da ɓaraka. Mutum ne ba a iya korarsa, sa'an nan kuɗin man motarsa, da takardar rubutunsa, da akawunan da za su taya shi, duk sai ya roƙa a wurin waɗanda yake bincike. Wanda ke jiran tuwo daga hannunka, da wuya ya ɗaga maka murya. In an so a kashe aikinsa ba sai an taɓa shi ba, a jinkirta masa kuɗi kawai, ko a ɗauke masa gwanayen akawunansa a kai wani ofis.

Saboda haka ne a 2021 jihohi da yawa, har da Kano, suka yi dokar aikin Odita, ko suka gyara wadda suke da ita. Bankin Duniya ne ya zuga su, gama tun 2018 ya ware dala miliyan 750 don saka wa jihohin da suka gyara riƙon kuɗinsu. Abin da aka nema shi ne a riƙa ba ofishin Odita kuɗin aikinsa ba da roƙo ba, ɗauka da ƙarin girma da horon ma'aikatansa kuma su fita daga hannun waɗanda yake bincike. A takarda gyara ne mai kyau ƙwarai. Sai dai rubuta doka aikin wuni ɗaya ne, sakin kuɗin kuwa na kowane wata ne. Don haka in ka ji a rediyo za a gyara dokar wata hukuma, ka kasa kunne ka ji wa zai naɗa shugabanta, wa ke iya tuɓe shi, wa kuma zai ba shi kuɗi da ma'aikata.

Akwai kuma wata hukuma a Kano, ta karɓar ƙorafin jama'a da hana cin hanci, wadda aka yi wa doka a 2008, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Ita dokar jiha ce ta kafa ta, Majalisar da ta yi dokar kuwa tana iya sāke ta, shugabanta kuma ba ya cikin katangar nan da Tsarin Mulki ya yi wa Odita. A watan Yuli na 2021 Majalisa ta dakatar da shugabanta, Muhuyi Magaji Rimin Gado. Dalilin da aka faɗa shi ne ya ƙi karɓar wani akanta da ofishin Babban Akanta ya aiko masa. Ka ga rigimar ma a kan ma'aikaci guda ta tashi, watau wa ke da ikon zaɓar mai riƙe littafin hukumar. Sai a 2023, da aka sāke gwamnati, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya komo da shi bisa kujerarsa. Tsakanin fitarsa da komowarsa kusan shekara biyu ke nan.