Inji Ya Buga: A Sauya Shi Ko A Sayi Wata Motar?

Mai saurarenmu daga Gwadangaji, sannu da wannan jarrabawa ta bugawar injin motarka. Kafin ka yanke shawara, sa bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya duba shasi, giyabos da aksil. In shasi bai tsage ba, tsatsa ba ta cinye shi ba, to ka sauya inji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin manyan motoci ya yi tashin gwauron zabo, kuma kuɗin wata motar zai iya sayen inji har da tayoyi, ya bar maka jarin gas. Ga shi kuma lokacin girbin shinkafa a fadamar Argungu ba ya jiran kowa, masu kai shanshera kamfanin Labana ko WACOT mota suke nema nan take.

Za ka ce injin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, ba shi da tabbas. Gaskiya ne, amma motar hannu ma tsohon inji take ɗauke da shi, ga ɓoyayyun cututtukan da ba ka sani ba, alhali taka ka san halinta. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano da bakanikenka, a tayar da injin a gabanku, ku duba hayaƙi da mai, ka karɓi rasit mai lambar inji. In kuwa shasin ya tsage, sayar da motar.