Kafin ka ce daiman ne, tambayi inda dutsen ya fito

Aikina nazarin duwatsu da ma'adinai ne, kuma saƙon da ya fi zuwa mini daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar kusan iri ɗaya ne: hoton dutse mai ƙyalli a tafin hannu, da tambayar "Injiniya, daiman ne ko?" Ni kuma nakan fara da tambayar inda aka samo shi.

Ƙasarmu ta nan rairayi ce da yumɓu, shimfiɗar kwarin Tafkin Chadi. Kowane mai haƙa rijiya ya sani: yashi, laka, tsakuwa, har a cimma ruwa. Duwatsu masu kusurwa da sheƙi kuwa a tsagar manyan duwatsu suke girma, irin na Riruwai da Jos. Tomalin da akwamarin daga Nasarawa da kudancin Kaduna ake samo su, safaya daga Mambila. Saboda haka in wani ya ce maka a gonarsa ta Gagarawa ya tono su cike da kwano, riƙe kuɗinka tukuna.

Gwajin da matasa suka fi yarda da shi, wato karta gilas, ba ya tabbatar da komai. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, gilas na wajen 5.5, kwatz 7, daiman 10. Ke nan kwatz, farin dutsen nan mai gefe shida da tsini, shi ma yana karta gilas, kuma shi ne mafi yawan abin da ake nuna mini. Mai ruwan zinare kuma, a goga shi a bayan tayil: farayit, dutsen da ke kama da zinare, baƙin layi yake bari, zinare rawaya. A buga da guduma, zinare ya baje, farayit ya farfashe.

Wanda ya fi damuna shi ne dutsen kwalli. Yana da kyau a tarin duwatsu, nauyi gare shi, yana fashewa murabba'i-murabba'i, amma dalma ce a cikinsa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gida, yara suna shaƙar ƙurar suna wasa a cikinta. Kada a daka dutsen da ba a sani ba a tsakar gida, kada a lasa don a ji ɗanɗano, a wanke hannu bayan an taɓa. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, tozalin da aka niƙa daga wannan dutse bai dace da idon jariri ba.

Rairayin nan dai yana da ranarsa: baƙin dutse mai nauyi a inda babu duwatsu abin a duba ne. A 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami ta ƙasar Katsina, aka gano daga duniyar Mars yake. Wani da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an sayar da shi a New York a 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Sai dai yawancin "dutsen sama" da ake kawo mini kashin maƙera ne. Ramukan kumfa da ke jikinsa ke tona shi.

Mai sha'awar tarawa ya fara da kanwar kasuwar Alhamis ta Maigatari, ita ma ma'adini ce. A rufe ta a kwalba don danshi. Kowane dutse a naɗe shi daban, da takarda mai sunan wurin da ranar da aka samo shi. Haƙa don sayarwa kuwa, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai da lasisin gwamnatin tarayya, ko da a gonarka ne.