Yadda A Ke Yi Wa Jak Mazauni A Jikin Mota

Duk direban da ke tashi daga Zariya zuwa ƙauyuka da damina ya san amfanin dogon jak mai hudoji, gama shi ke ɗaga mota in ta kafe a taɓo. Amma in aka yar da shi cikin bodi, gargada ta kan wurga shi ya raunata fasinja.

To, ga dabara mai araha. Nemi bolti biyu masu kaurin rabin inci. Huda bodi wuri biyu daidai da hudojin jak. Sa maƙerin Tudun Wada ya yanko maka ƙarfe mai faɗi, ka tokara ta waje kada katako ya tsage. Zura boltin, ka jefa guntun tsohuwar taya don hana ƙara, sa'an nan ka rataya jak, ka ɗaure noti tamau. Riƙa duba shi kowace safiya.