Zuwa Kallon Su a Argungu: Shirin Ƙungiya Mai Tafiyar Fari

Ruwan Gulbin Rima da ke wucewa ta ƙasar Sabon Birni, shi ne ke bi ta madatsar Goronyo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya gangara har Argungu. Amma da yawa daga cikin samarinmu ba su taɓa ganin bikin kamun kifin da ake yi a can ba, sai dai a waya. Yanzu ana samun ƙungiyoyin matasa da malaman makaranta da 'yan kasuwa a Isa da Sabon Birni masu cewa bana sai sun je sun gani da idonsu. Madalla da wannan niyya. Sai dai tafiyar mutum goma sha takwas ba irin tafiyar mutum ɗaya ba ce, kuma abin da ya fi ɓata ta shi ne maganar kuɗin da aka bari ba a yanke ba tun a gida.

Bikin nan ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa babban su don nuna an kawar da tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Akan yi shi a Fabrairu ko Maris, amma ba shi da tsayayyar rana. Ya taɓa shafe kimanin shekara goma ba a yi ba, sai a 2020 ya dawo. Saboda haka ku tara kuɗinku tun da wuri, amma kada ku ba direba ko mai masauki ko sisi sai gwamnatin Jihar Kebbi ta faɗi rana da bakinta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin fara karo-karo shi ne kaka, sa'ad da gero da wake suka shigo gida, hannun kowa da ɗan danshi. A naɗa shugaba, a naɗa ma'aji daban, a naɗa mai rubutu daban, kada mutum ɗaya ya haɗa biyu ko da limamin unguwa ne. A zuba kowace ranar kasuwa kamar yadda ake zubin adashi, a rubuta a littafi a gaban mai zubi. Wanda ya ce a sa sunansa zai biya daga baya, a gaya masa cikin mutunci cewa littafi na waɗanda suka zuba ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan kun ɗauki shatar mota mai kujera 18, kuɗinta ɗaya ne ko ta cika ko ba ta cika ba. A ce ana gobe tafiya mutum uku suka janye, wannan matarsa ta haihu, wancan mahaifinsa ya hana. Idan aka mayar musu da kuɗinsu duka, sauran 15 kowannensu zai ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da ya riga ya biya na mota, a daidai lokacin da aljihunsa ya bushe. Daga nan ake jin wane ya cuce mu, har maganar ta kai gaban mai unguwa. Maganinta a yanke tun zaman farko, kowa na ji: wanda ya fasa kafin a biya shata, a ba shi kuɗinsa cif, wanda ya fasa bayan an biya, ya karɓi na abinci da na masauki, na mota kuwa ya tafi, sai fa in ya kawo wani a madadinsa. Mai rashin lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa, ƙungiya tana iya yi masa alheri in ta ga dama, amma kowa ya san alheri aka yi, ba bashi aka biya ba.

Wajen direba ma a yi magana a fili a gaban shugabannin tasha. Zuwa da dawowa ne? Wa zai sayi mai? Wa zai ciyar da shi da yaron mota kwanakin da zai jira ku? A ba shi rabi, sauran sai an sauke ku gida. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri guda, don haka farashin da kuka ji da kaka kada ku ɗauka shi za ku tarar da rani. Ku ɗora kashi ɗaya cikin biyar na dukan lissafinku ya zama kuɗin ko-ta-kwana. Shi da kuɗin dawowa a ƙulle su daban, kada a taɓa su don tsire ko tsaraba. Kuma a riƙe wani abu tsaba a hannun mutum biyu ko uku, domin ranar da dubban mutane suka taru wuri guda layin waya kan cushe, mai POS ya ce babu sabis.

Hanya kuwa ba sai an faɗa wa mutumin Gobir halinta ba. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021 ba. Ko ta Goronyo za ku bi ko ta Marnona, ku tambayi direbobin da suka shigo a ranar, ku tashi rana ta fito, ku isa Sakkwato da sauran haske. Daga can zuwa Argungu kimanin kilomita 100 ne. Gara a sa kwanan Sakkwato cikin lissafi tun farko da a yi tafiyar dare don tsimin kuɗin ɗaki. Idan labarin hanya bai yi daɗi ba ranar tashi, shugaba ya ɗage tafiya, kada kowa ya ce masa matsoraci.

Masauki a Argungu kan yi wuya a kwanakin biki, ya kuma yi tsada. Wanda ke da ɗan'uwa ko abokin kasuwanci a garin ya aika masa tun da sauran makonni. In ba a samu ba a nemi Birnin Kebbi. Ku tafi da tabarma da bargo, don daren bakin fadama da sanyi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino suna rage kashe kuɗi ƙwarai.

Saura magana da samari masu zafin jini. A kowace ƙungiya ba a rasa wanda zai ce ai shi ɗan bakin gulbi ne, zai ari homa da gora ya faɗa ruwan Matan Fada inda ake gasar, wa ya sani ko shi zai fito da giwan ruwa. Ɗana, wankan gulbi daban, su daban. Da an buga bindiga dubban masunta ke rugawa cikin ruwa lokaci guda, laka ta tashi, ba mai ganin ƙafar wani. Kifin da ya ci gasa a 2020 kilo 78 ne, ya fi wasu magidanta nauyi, kuma waɗanda ke kokawa da irinsa sun gaji sana'ar ne tun suna yara. Mai zuwan fari ya tsaya a tudu. Abin kallo ba ya ƙarewa: akwai kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa, ga kokawa da dambe, ga baje kolin amfanin gona wanda manomi zai ƙaru da shi fiye da kifin ma. Wanda abin ya shiga ransa da gaske ya nemi masunci ya koya masa a ruwa marar zurfi, ya yi rajista yadda masu shirya gasa suka tsara a wata shekarar.

Kafin ku juyo ku ware rabin yini ku shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, inda aka ajiye makamai da tambura da kayan su na dā. Idan kun sauka gida lafiya, kada mako ya zagayo sai mai rubutu ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, ma'aji ya ajiye ragowar a kan tabarma, a raba ko a bar shi ya zama zubin farko na baɗi.