Darasin lafiya: Ciwon dasashi da abin da waya ke faɗa mana da Larabci

A nan Chadi Larabci da Faransanci ne harsunan hukuma, kuma da yawa daga cikinmu sun yi makarantar allo ko Islamiyya. Shi ya sa idan dasashin wani ya kumbura ko yana zubar da jini, sai a miƙa wa mai karatu waya a ce ya duba. Da ya rubuta kalmar "lissa", wato dasashi da Larabci, shafuka da bidiyo za su cika masa ido.

Larabci harshe ne da muke girmamawa. Amma mai sayar da man goge baki ma da Larabci yake talla. A 2021 wasu likitocin haƙori sun bi shafukan Larabci masu magana kan ciwon dasashi, suka tarar yawancinsu suna da sauƙin karantawa amma bayaninsu bai kai ingancin da ake so ba. Shafin da ke da daɗin karatu shi ne muka fi saurin yarda da shi, nan haɗarin yake. Ga kuma wata matsala: ana rubuta shafukan da Larabcin littafi, ba wanda muke ji a kasuwa ba. Mai fassara ya gane rabi, ya cike sauran da zato.

Ga abin da aka tabbatar. Datti mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, yana taruwa kullum a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In ba a goge shi ba, dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan mataki ana warkewa sarai da tsafta. In an bar shi, dattin ya daskare ya zama kamar dutse, wanda asuwaki ko buroshi ba ya cirewa, sai ma'aikacin lafiya da kayan aikinsa. Daga nan ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, haƙori ya fara girgiza. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan mataki mai tsanani ya kama mutane kusan biliyan 1. Shan taba da ciwon sukari suna ƙara shi, mai juna biyu ma dasashinta yana saurin jini.

Don haka duk shafin da ya yi alkawarin tsayar da haƙori mai girgiza cikin kwana 3, mu wuce shi. Kanumfari yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, ba ya cire dattin. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ba laifi a kurkure baki da shi. Goga lemon tsami a haƙori yana cinye rufinsa. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi yana ƙona naman. Kada kuma mu sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a tebur don wani bidiyo ya ambaci sunansa.

Kafin mu yi aiki da abin da aka karanta mana, mu tambayi mai karatun: wa ya rubuta, akwai sunan ma'aikatar lafiya ko asibiti? Akwai kwanan wata? A ƙarshe ana cewa a saya wani abu? Saƙon WhatsApp da ba a san mafarinsa ba, labarin bakin rijiya ne da aka sa wa wasali.

Akwai abu biyu da shafukan nan ba su cika faɗa ba, domin ba don mazauna sansani aka rubuta su ba. Na farko, rashin kayan lambu da 'ya'yan itace na watanni yana sa dasashi jini saboda ƙarancin bitamin C, an kuma sha ganin haka a sansanonin gudun hijira. Tumatir, ganyen zogale, gwaba ko lemo a cikin abinci suna taimakawa.

Na biyu shi ne cutar noma, mai kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Da ciwon dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu da leɓe. In an kai yaro da wuri ana tsayar da ita da magani. Uwa, in kin ga dasashin yaronki yana jini, bakinsa na wari, kumatunsa ya kumbura ko ya ƙi cin abinci, kada ki jira a duba waya. Ki kai shi asibitin sansani a ranar.

Mu manya kuma mu riƙa goge haƙori safe da dare, a hankali, har gindin dasashi. Ko ya yi jini kada mu daina. In jinin ya wuce mako 2, ko ruwa ya taru, ko haƙori ya motsa, mu je a duba mu, mu kuma nuna wa ma'aikacin lafiya shafin da muka karanta.