Ɗumin Iyali a Lokacin Ɗari

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga hamada, busasshiya, ɗauke da ƙura. Da rana akan ji ɗumi, amma cikin dare da asuba sai ɗari ya sauko. A yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, awon zafi da asuba yakan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. A Agadas da Bilma kuwa ya fi haka tsanani. A wannan lokaci ne ake yawan kawo mana yara masu ciwon haƙarƙari, da waɗanda suka ƙone, da jarirai da jikinsu ya yi sanyi.

Babban abin da za mu koya a wannan darasi shi ne: ɗumama jiki ya fi ɗumama ɗaki sauƙi, ya fi arha, kuma ya fi aminci. Jikin mutum da kansa yana yin ɗumi. Aikinmu shi ne mu hana ɗumin nan gudu.

Ta ina ɗumi yake gudu?

Ta hanya huɗu: ta ƙasa in an kwanta a kanta, ta iska mai shigowa, ta kai da ƙafafu in an bar su a buɗe, da kuma ta jiƙaƙƙun tufafi. Wanda ya toshe hanyoyin nan huɗu ya yi rabin aiki, ko dala bai kashe ba.

Gyaran ɗaki

1. Tun kafin ɗari ya kama, a liƙe tsagogin bango da laka.
2. A kafa zana ko dannin kara ta gefen da iska take bugowa, wato gabas da arewa.
3. A rataya asabari ko tsohon buhu a bakin ƙofa. A nannaɗe tsumma a sa a ƙarƙashinta.
4. Rufin kwano ba ya riƙe ɗumi. In da hali, a ɗaura tabarmi ko kwali a ƙarƙashinsa. Ɗakin soro da na jinka sun fi shi ɗumi da dare, don haka a kwantar da yara da tsofaffi a can.
5. Da hantsi a buɗe ƙofa da taga, a shanya kayan shimfiɗa a rana. Kafin faɗuwar rana a shigo da su, a rufe ɗaki.

Kada a toshe kowace kafa. A bar ƙaramar taga ta sama domin numfashi.

Shimfiɗa da sutura

Abin da ke ƙarƙashin mutum yana da amfani kamar abin da ya rufa da shi. Tabarma ɗaya a kan siminti ba ta isa ba. A sa kwali, ko buhun da aka cika da busasshiyar ciyawa, ko gadon kara, sannan a ɗora tabarma.

Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu tana riƙe ɗumi. Kayan gwanjo sun wadatar, in an wanke su. A sa wa yara hula da safa. In yaro ya yi fitsarin kwance, a canza masa tufafi nan take, kada a jira gari ya waye. A yi wa yara wanka da rana tsaka da ruwan ɗumi, a wurin da babu iska, a shafa musu man kaɗe don kada fata ta tsattsage.

Ciki ma yana bukatar nasa. Mai yunwa ya fi jin ɗari. A ba yara tuwo da dare, da kunu mai zafi da safe. A ci gaba da shan ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, domin hunturu yana busar da jiki.

Gawayi a ɗaki: haɗarin da ba a gani

Mutane da yawa sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki, su rufe ƙofa, su kwanta. Suna cewa tunda hayaƙi ya ƙare, babu komai. Wannan kuskure ne mai kisa. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin komai, kuma ba za ta tashe shi ba. Iyali guda suna iya mutuwa a dare ɗaya. Janareta da risho ma suna fitar da ita.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. In mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da waɗannan alamomi, a yi zargin gawayi. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, a kai su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.

A ji ɗumin wuta a tsakar gida. Kafin barci a kashe ta. Kada a ƙona leda ko taya, kada a hura wuta da fetur. Mai son ɗumin shimfiɗa ya ɗumama dutse a waje, ya naɗe shi da tsumma mai kauri, ya sa a shimfiɗa, ya cire kafin a kwanta.

Ƙuna

Kada a bar yaro mai rarrafe kusa da wuta ko tukunyar ruwan zafi. Mai farfaɗiya kada ya zauna bakin wuta shi kaɗai. Mai kuturta ko ciwon suga da ƙafafunsa ba sa ji yana iya ƙonewa bai sani ba, sai ya nisanci wuta da dutse mai zafi.

In wani ya ƙone, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, sauran jiki kuwa a rufe shi. Kada a sa mai, ko ƙwai, ko man goge baki, ko toka. Kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kawo shi.

Jariri sabon haihuwa

Jariri yakan rasa ɗumi da sauri fiye da babba, musamman bakwaini. Da an haife shi, a tsane shi, a sa masa hula, a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su tare. A jinkirta wankan farko har awa 24. A ba shi nono akai-akai. A taɓa tafin ƙafarsa: in ya yi sanyi, a mayar da shi ƙirjin uwa. Kada a rufe masa fuska.

Yaushe za a zo asibiti?

A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana cikin natsuwa. Ya yi sauri in ya kai:

- 60, ga jaririn da bai kai wata 2 ba
- 50, daga wata 2 zuwa shekara 1
- 40, daga shekara 1 zuwa 5

A kawo shi a ranar in numfashinsa ya yi sauri. A taho nan da nan, ko da dare ne, in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko jikinsa ya ƙi ɗumi, ko yana da wuyar tashi daga barci. Mai sikila ma ɗari yakan tayar masa da ciwo, sai a rufe shi sosai, a ba shi ruwa da yawa, a kawo shi in ciwon ya tsananta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta ina iska take shiga ɗakinku? Me ke gidanku da za ku toshe wurin da shi?
2. Me ya sa garwashin da ba ya hayaƙi yake da haɗari?
3. Wane tsoho ko marar lafiya ne a unguwarku yake kwana shi kaɗai? Wa zai leƙa shi da asuba, ya kai masa bargo ko kunu?